Ɓarin da Hoto Bai Nuna Ba

A Rafin Daɗi, bayan shagon agogo,
in an yi lisha, layi ya yi tsit,
sai in jawo fitila kusa da gwiwa,
in buɗe tsohuwar kalandar kamfanin taya
wadda gara ta cinye watanninta
amma ba ta taɓa motar ba.

Doguwa ce kamar zunguru,
kujera ɗaya, ba rufi, ba ƙofa,
lamba tara a kwiɓinta.
Direban da tabarau irin na masu walda,
ban san ko ya ci tseren ba.

Da tsinken ashana na yi awo:
taku ashirin nata, ɗaya nawa.
Gwangwanin madara ya ba ni jiki,
na bubbuga shi kan taɓarya har ya rusuna.
Sada mai faci, da ya yanko min roba,
ya ce, "Rabe, furfura da wasan yara?"
Ban tanka masa ba.

Wayar birkin keke na warware,
sili talatin da biyu kowace ƙafa.
Kwana tara ina fama da ta baya.
Hannun da ya saba da hanjin agogo
yanzu rawa yake ba kiɗa.
Sili ɗaya ya faɗi ƙasa,
har yau ban gan shi ba.

Sitiyari kuwa ɗan kunne ne, wari guda,
na Hajjo. Shekara bakwai
yana cikin kwalbar ƙananan kusoshi,
ban iya ba da shi ba.

Sai na juya ta.
Af! Mai hoto a dama ya tsaya.
Hagu fa? Bututun hayaƙi ne, ko ba komai?
Mati, jikana, ya zaro waya:
"Kaka, yanzu zan nemo maka."
Na ce mayar da ita aljihu.
Wannan ɓarin nawa ne,
Bature bai ƙera shi ba.

Na sa mata madubi can,
da 'yar ƙugiyar rataye buta.

Da asuba na ɗora ta kan benci,
agogo goma sha ɗaya na tsere a kanta.
Na tura ta da ɗan yatsa.
Ta yi kamu biyu,
ta karkata wajen silin da ya ɓata,
ta tsaya tana fuskantar ƙofa.
Ban gyara ta ba.