Zane Uku a Dunduniya

Kakana bai san waya ba.
Goro ya sani, daushe da sabon tsinka,
da yayyafa wa huhu ruwa kafin rana ta ɗaga.
Duk huhun da ya ɗaure a nan Kumasi
sai ya ja masa zane uku da gawayi,
biyu a tsaye, ɗaya a kwance.
An ce har Sakkwato, in mai saye ya ga zanen,
ba ya kwance igiya,
kuɗi yake ƙirgawa.

Ni takalma nake ɗinkawa a Aboabo,
a rumfar da ke yoyo ta gefen hagu.
Zuwera ce ta buɗe mini shafi.
Ta ce, Yaya Mutaru, zama mutum ɗaya mana!
Jiya kai mai wa'azi ne, shekaranjiya ɗan ƙwallo,
yau ga hoton tuwo da miyar ayoyo,
wa zai gane abin da kake sayarwa?
Taura biyu ba ta taunuwa.

Sai muka zaɓi bango ɗaya,
shuɗin nan na gidan Hajiya Adiza mai koko,
da lokaci ɗaya, bayan la'asar, in haske ya yi laushi,
da magana ɗaya: Taka ka ji.
Na ƙona ƙusa a wuta,
na ja zanen Kaka a dunduniyar kowane takalmi.

Wata uku, mutum goma sha ɗaya ke kallo.
Shida dangi ne. Ɗaya ni ne.

Wani yaro a Adum ya ɗora takalmi a ka ya yi rawa,
kafin asuba duniya ta san sunansa.
Ba zan ɓoye ba, na gwada a ɗaki,
na rufe ƙofa, na karya kwankwaso gaban madubi,
sai na ga idon Kaka a cikin idona.
Na sauke takalmin, na koma kan basilla.

Ran da ruwa ya shiga rumfa, na sa hoto.
Ran da aka ɗauke wuta kwana biyu,
na kai wayar caji gidan mai, na sa hoto.
Ran da Inna ke kwance a asibiti
Zuwera ta ce in yi murmushi, ai an saba da murmushina.
Fuskar ta ƙi.
Na ce ɗauki hannuna kawai.
Tun daga ranar hannu ake gani,
da kanta, da tabon wuƙa, da baƙin gam a farce.
Shi dai bai iya ƙarya ba.

Sannan wani Kwadwo ya rubuto daga Tamale
a gaban kowa: igiya ta tsinke cikin sati.
Zuwera ta ce goge.
Na daɗe ina kallon wayar.
Na tuna zaren da na saya mai araha
ran da kuɗin magani ya ci jari.
Na rubuta: Laifina ne. Aiko, kuɗin mota a kaina.
Sidi arba'in suka tafi.
Daren nan gari muka sha.

Shekaranjiya a Kejetiya, cikin turmutsitsi,
wata mata ta ɗaga ƙafa za ta hau mota,
na ga biyu a tsaye, ɗaya a kwance,
sun ci ƙasa, amma suna nan.
Ba ta san ni ba. Ban ce mata komai ba.
Na tsaya kamar an dasa ni
har mai turin baro ya zage ni da Asanti.

Yanzu an ce akwai wani a Alabar
da ke ja wa nasa takalman zane uku.
Zuwera ta tashi hankalinta.
Na ce bari, miƙo mini zare.
Gawayi ai ko a zamanin Kaka ba shi da tsada,
goron cikin huhun ne aikin.

La'asar ta kusa.
Hajiya Adiza ta shanya zani a bangonmu,
sai na je na roƙe ta ta matsar.