Abin da ke Bayan Floridor

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke dafe da juna kar su gangara teku,
nake da shagon wankin hoto, faɗinsa taku huɗu.
Ranar Laraba, ana yayyafi,
Ermelinda ta hawo matakala ɗari da sha tara,
ta zauna tana haki, ta miƙo mini waya.

"Jikata ce ta tsinto shi a intanet,
wajen ƙungiyar 'yan dakon tashar jiragen ruwa.
Mijina ne, Floridor.
Gobarar tudu ta lashe sauran hotunan,
wannan kaɗai wuta ba ta san hanyarsa ba.
Shago biyu na je, sun ce injinsu ya ƙi shi."

Na duba wutsiyar sunan fayil ɗin: WebP.
Nawa injin ma tsoho ne, ya girmi wayar nesa.
Na tura masa, ya yi gunaguni,
ya ce bai san wannan ba.
Baƙon da ba a jin yarensa a gari,
ko ruwa ya roƙa, bakinsa ake kallo.

Na ce, "Iya, riga za mu sauya masa.
Akwai wadda kowane inji ya sani, JPEG,
daga nan har inda jiragen can suke sauke kaya."
"Zai canza?"
"Kaɗan. Ɗigon launi nan, ɗigo can,
abin da ido ba ya kamawa."
Ta ce, "Yaro, shekara arba'in da ɗaya ina kallon fuskar nan.
Kada ka gaya mini abin da ido ba ya kamawa."

Na buɗe shi a kwamfuta.
Ga shi nan, hula a karkace, igiya a kafaɗa,
giɓi a haƙoran sama, yana dariya da shi.
Amma bayansa wayam.
Wanda ya ɗora hoton ya yanko shi daga taro,
ya share jirgi, ya share sama, ya share abokai,
ya bar shi tsaye a jikin babu.

To, ga inda gizo ke saƙar:
tsohuwar riga ta iya ɗaukar babu,
sabuwar ba ta iya ba.
Dole a zuba wani abu a bayan mutum,
in ban zaɓa ba, inji ya zaɓa.

"Shuɗi, kamar teku?"
"Teku ta ci gwiwoyinsa, ta ci ƙaninsa."
"Fari?"
"Asibiti."
Muka yi shiru. Keken hawa tudu ya wuce yana ƙiƙi-ƙaƙa.

Can ta ce, "Bangon kicin ɗina.
Da ragowar fentin jirgi ya shafe shi,
ruwan ɗorawa mai tayar da zuciya.
Shekara talatin ina masa mita a kai."

Muka shiga neman launi.
"Ya yi haske." Na rage.
"Ya yi kyau da yawa. Ƙara masa muni."
Na ƙara.
"Kaɗan kuma."
Sai ta kama bakinta da hannu.

Inji ya karɓa babu musu,
ya turo takarda da ɗuminta.
A gefen kunnensa na hagu akwai ɗan dishi-dishi,
kuɗin fito da kowane hoto ke biya.
Na yi fatan ba za ta gani ba.
Ta gani.
Ta goga babban yatsa a wurin, sau biyu,
kamar mai share masa kumfar aski.

Ta biya da tsaba, ta cusa shi cikin kwat saboda ruwa,
ta fara sauka, matakala ɗaya-ɗaya.

Fayil ɗin yana nan a kwamfutata, ban goge ba.
Kowane inji a duniya zai buɗe shi yanzu,
ya ga ɗan dako a gaban bango mai muni,
ya ɗauka can aka ɗauki hoton.