Dankalin Sista Mora

A bakin layin dogo na Agege nake baza tabarma:
sassaƙen marke, tazargade, ƙullin kanwa.
Ran nan, damina ta cika kwata har ta yi amai,
wata tsohuwar Baturiya ta tsaya a kaina,
lemarta na ɗiga cikin hulbata.

Sista Mora, in ji direbanta.
Shekara arba'in tana karɓar haihuwa a Ebute Meta,
Hausarta kuwa a Jos ta tsinto ta.

Da ta tsuguna, gwiwa ta yi kukan ƙyauren shago.
Na ce, sanyin ƙashi? Ga man kaɗanya da citta.
Sai ta zaro dankali daga aljihu,
baƙi, a yamutse kamar busasshen goro.
"Kakata a Ailan ta ce shi ke shanye ciwon.
In ya zama dutse, ya gama aikinsa."

Na ce, ke mai allura da kwalba?
Ta ce, allura ta aiki ce, wannan na gida.

Tun daga nan duk Laraba take zuwa,
ba ta sayen komai sai kanumfari na naira ɗari.
Albasa a cikin safa, wai don zazzaɓi.
Burodi a madara mai zafi, a ɗaure wa maruru.
Wata ciyawarsu mai harbi kamar kunama,
maganinta na tsirowa dab da gindinta.
Na ce, mu ma nan haka Allah ya dasa.

Rannan Tanimu mai rake ya sare yatsa.
Kafin ya rufe baki
ni da ita mun ɗaga kai muna laluben rufin rumfa,
hannuwanmu suka haɗu a kan saƙar gizo.
Muka tsaya. Jirgi ya wuce.
Ta yi dariya har da hawaye,
sannan ta ja yaron kemis a wanke masa.

Bayan Kirsimeti ba ta zo ba.
Direban ya zo shi kaɗai, bai zauna ba,
ya miƙo mini hankici a ƙulle.

Yana nan tsakanin kanwa da marke.
Masu ciniki kan ɗaga su ce, Iya Ladidi, wannan na mene ne?
In ce, ajiye, ba na sayarwa ba ne.

Gwiwata dai ba ta daina ba.
Amma in ruwa ya tsuge da dare
nakan sa shi a haɓar zane in kwanta.