An Kunna, Baba

Ni na riƙe masa na'ura shekara goma sha ɗaya,
don haka in an ce Nomau yana da taɓi
ba na musu, ba na kuma amsawa.

Ran da ya fara zuwa, a ƙasa tun daga Zango,
takalmansa ya ɗora bisa kujera, shi ya zauna a daɓe,
ya ce su ne suka sha tafiya.
Ya tuɓe hularsa ya ɗora wa makirfo,
wai ba a barin babba kai ba hula.
Kuntiginsa gwangwanin sardin ne, tsirkiya guda,
in ya ɗumama har ƙarnin kifi yake yi.

Daren Talata, ƙarfe tara.
Jar fitila ta kama, in ɗaga masa yatsa.
Maimakon ya gaida masu saurare
sai ya gaida famfon Garin Malam
da ya yi wata huɗu bai ce uffan ba:
"Sarkin masu azumi, ba sahur, ba buɗa baki,
mai wuyan raƙumi, mai hannun marowaci,
Allah ya ƙara wa tarinka na asuba albarka."
Mata a layin jarka suna dariya suna share ido.

Wani alhaji ya aiko jaka hamsin a wasa shi.
Nomau ya maida kuɗin,
ya yi baiti bakwai a kan jakin da ke kai wa alhajin ruwa.

Sau uku Mushe Abarshi yana korarsa.
Ta farko don ya karanta sanarwar rasuwar tsamiya
da aka sare a bakin kasuwar Dole,
har ya faɗi inda za a yi zaman makoki.
Mutane suka je!
Kowace kora, direbobin Tanut su jera motoci a ƙofa,
wasiƙun Mirya su cika kwali,
Mushe ya shafa sanƙonsa, ya ce a kira masa bala'in nan.

Daren da ruwa ya sauka bayan dogon fari
ya ajiye kuntigi, ya ce in buɗe taga.
Ya miƙa makirfo waje da hularsa.
Minti ashirin ba kiɗa, ba magana,
sai ruwa yana dukan duwatsun Birni.
Gumi ya karyo mini, ina kallon ƙofar Mushe.
Can ya sunkuyo ya ce wa gari:
"Ubangidana ya zo. Yaro ba ya kiɗa gabansa."

Ba shi da rediyo a gida.
Bai taɓa yarda ya ji muryarsa ba,
wai wanda ya ji kansa ya zama mutum biyu,
shi kuwa ɗakinsa ɗaya, tabarma ɗaya.

Sai zamani ya juya.
Aka sayar da Talata ga masu tallar dunƙulen miya.
Aka ba shi minti biyar; ya ce ko tsirkiya ba ta farka ba.
Ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita.
Damina biyu bayan haka muka kai shi makwanci.

Ga laifina, tunda ba wanda ya tambaya.
Kaset ya ƙare mana a shekarar tsada,
na riƙa ɗauko nasa ɗaya bayan ɗaya
ina naɗa sanarwar biki da cigiyar awaki a kai.
Famfo ya tafi, jaki ya tafi, ruwan ma na goge shi.

Saura wutsiyar kaset guda.
In sanarwar ta ƙare, zare ya ɗan yi shuru,
sai tari, sai tsirkiya ana ɗaure ta,
sai ya ce, "Mutari, an kunna?"

Yau na yi furfura, tashar ma ta koma wani gini,
amma duk ran da na sa shi, nakan amsa.