Tauraron da Ba Ya Haske

Tsakanin Shuni da Dange muke cike ramuka,
mu bakwai da tukunyar kwalta ɗaya.
Bara mu takwas ne.
Arzika ya sunkuya zai ɗauki shebur,
bayansa ga hanya,
tirelar siminti ba ta tambayi sunansa ba.
Takalminsa ɗaya a gonar gero muka tsinta.

Bana injiniya Nasara ta zo da kwali,
ta maƙala wa kowa wani abu a kafaɗa,
bai fi kwalin ashana biyu ba.
Ta ce can sama, gaba da gajimare,
akwai tauraron da hannun mutum ya ƙera.
Ya san inda nake tsaye,
ya san inda mota ta kawo,
kullum yana awon abin da ya rage tsakaninmu.

Ɗan'ige ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Mi tauraro yas sani ga kwalta?
Jan ƙyallen hannuna direba bai gani ba,
sai na bisa?"

Ran Laraba, an fito azahar,
rana ta sa titi yana zufa,
injin daɓe ya toshe mini kunne,
ina lissafin kuɗin makarantar Hajo a zuci.
Sai kafaɗata ta ɗauki rawa,
kamar rina ta shige mini riga.
Ban waiga ba.
Na dai ga kaina cikin kwalbati, baki cike da ƙasa.

Motar albasa ce, birki ya ƙi.
Ta bi ta kan sawuna,
ta murƙushe butata da kular tuwo,
ta tsaya can gaba tana huci.
Ɗan'ige na gefena, yana salati,
hannunsa dafe da tasa kafaɗar.

Da dare a Mabera, kan tabarma,
Hajo ta ce in nuna mata wanne ne.
Na duba, na duba.
Duk masu ƙyalli ba ruwansu da ni,
nawa ba ya haske.

Na san wanda ya rubuta kwanana,
ba na'ura ba ce.
Amma in an kawo wuta,
ita nake fara sa wa caji kafin wayata.

Takalmin Arzika yana bayan motar aiki har yau.
Babu wanda ya iya jefar da shi.