Rabin Awo

Ƙarfe huɗu na asuba a asibitin Braganza,
sanyi ya yi wa gilashin taga farin lulluɓi,
aka turo mini Amandio a kan gado,
shekara tamanin da bakwai, ƙugu a karye.
Daga tsani ya faɗo yana datse reshen zaitun
da 'yarsa Graciete ta hana shi taɓawa tun bara.

Takarda ta ce hawan jini, ƙoda ta soma gajiya,
ƙwaya biyar, safe da yamma.
Na ja kujera na zauna ta kunnensa na dama,
wanda ke ji.
"Baba, ban da waɗannan, me kake sha?"

Ya leƙa ƙofa, 'yar ta fita neman kofi.
Ya ce, "Ƙwayar barcin Deolinda.
Ta rasu ta bar kwalba uku a aljihun tebur.
Rabi nake ɓarawa da wuƙa kowane dare.
Gadon ya yi mini faɗi, likita.
Kar ki faɗa mata."

Ban faɗa mata ba. Takarda na faɗa wa,
na soke lissafina, na sake daga fari.

Maganina fari ne kamar madara.
Saurayi ya sha cikon sirinji,
kafin azahar hantarsa ta wanke shi, yana neman abinci.
Jikin tsoho ba haka yake ba:
jini na tafiya da sanda,
abin da ka zuba yanzu sai an jima ya isa,
in ka ƙosa ka ƙara, su haɗu a hanya
su kai shi bakin rijiya.

Telmo ya riƙe masa hannu.
Na ɗiga, na jira. Na ɗiga, na jira.
Likitan ƙashi na bubbuga ƙafa a bayana,
na ce masa sauri ya haifi nawa.
Allo ya ce ɗari da arba'in,
ɗari da goma,
tamanin.
Na ɗauke yatsa daga sirinji,
na ba jijiya abin da zai ɗaga ta,
ina ƙirga bugun wuyansa da yatsu biyu
kamar ban yarda da na'urar ba.
Casa'in da biyar. Ɗari.
Sai a nan na ji zufa a bayana.

Awa biyu ina gadin barcin da ba nawa ba,
ido a kan layin da ƙwaƙwalwarsa ke zanawa,
kar ya taso ya ji wuƙa,
kar ya nutse ya manta hanyar gida.

Ya farka, amma ba duka ba.
Ya kira ni Deolinda,
ya ce awaki sun shiga cikin kabeji,
ya kai hannu zai fizge allurar.
Telmo ya ce, "A ƙara masa ya kwanta?"
Na ce a'a. Kawo tabarau.
Kawo abin kunnensa, kawo haƙoran a kofi,
ɗage labule ya ga gari ya waye,
kira Graciete ta zauna inda zai gan ta.

Ta zauna tana gaya masa yau Laraba,
tana maimaitawa, yau Laraba, Baba.
Wajen ƙarfe sha ɗaya ya dube ta da kyau
ya ce, "Wa ya shigar da tsanin? Za a yi ruwa."
Ta yi dariya har da hawaye.

Kwana uku ina wucewa ta ɗakinsa.
Na ce ƙwayar nan ba a yanke ta dare ɗaya,
a hankali za mu sauka, ni da kai.
Ya kau da kai wajen taga.

Ran Asabar na tarar da leda a kan teburina:
kwalba uku, ɗaya ta kusa ƙarewa,
da 'yar wuƙa mai ƙotar zaitun.
A jikin ledar, rubutun Graciete:
"Shi ya gaya mini da bakinsa.
Wuƙar kuma ya ce aro ce."