Takarda a Gwangwanin Madara

An kafa rumfa a bakin layin dogo, Agege,
kujerun roba na haya, janareta na tari.
Ɗan takarar majalisar jiha ya iso bayan la'asar,
da hula irin tamu, sabuwa, ko karin ba a yi mata ba,
da "sannunku" guda ɗaya a aljihu.
Ya ciro ta. Muka tafa.

Ni Asabe tela, nan aka binne cibiyata,
nan kakana ya kasa goro tun jirgi na cin gawayi.
Duk shekara huɗu akan tuna ni 'yar gari ce.
A tsakani kuwa, baƙuwa.

Bara, cikin ruwan Yuni,
aka kwashe Sallau ɗana a Oshodi,
da buhun albasar mutane a kansa.
Laifinsa? Sai oga ya dawo.
Kwana arba'in da ɗaya oga bai dawo ba.
Na sayar da dutsen guga, na sayar da 'yan kunne.
A bango an rubuta beli kyauta ne,
a ƙarƙashin rubutun na ƙirga musu kuɗin.

Sai daga baya Bilikisu, 'yar Iya Risi maƙwabciyata,
mai karatun lauya a Ojo,
ta buɗe tsarin mulki a wayarta mai tsagaggen gilashi.
Sashe na talatin da biyar, tana karantawa tana juya mini:
a kai mutum gaban alƙali cikin kwana ɗaya,
in kotu ta yi nisa, biyu.
Na ce sake. Ta sake.
Ashe rigar tawa ce, an ɗinka ta tuntuni,
ba a dai taɓa miƙo mini na sa ba.

To da sanƙira ya ce ko akwai tambaya,
yana faɗa yana naɗe igiyar lasifika,
na miƙe. Gwiwata ta riga bakina magana.

Na ce: kwalbatin layinmu sau biyu ana bikin buɗe ta,
allon kwangilar har ya yi tsatsa,
ruwa kuwa har gobe a ɗakina yake kwana.
Ɗari biyar da ake karɓa kullum a ƙofar shago,
ina rasit?
In ka shiga Alausa, wa za ka kira ya tsaya ya yi bayani?
Mu kuma a wane benci za mu zauna mu ji?

Wurin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta.
Wani yaro ya turo mini ƙullin shinkafa
da fuskar mutumin a jikin leda.
Na ce ajiye nan, ban gama ba.

Layi uku ne Bilikisu ta rubuta mana:
kasafin mazaɓa a manna a bangon kasuwa,
taro da mu duk wata uku,
lambar da za a kira in an kama ɗan wani.
Na ce sa hannu.
Ya laluba aljihu. Babu biro.
Maza bakwai a bayansa, babu mai biro.
Iya Risi ta zaro nata daga ɗankwali.

Ya sa. Ban ce da daɗin rai ba,
ban kuma ce zai cika ba.
Tela ce ni, na san "dawo gobe",
ni ma na sha faɗar ta.
Amma na san yadda nake jin kunya
in mai yadi ya zauna mini a bakin shago
ya ƙi tashi.

Takardar na cikin gwangwanin madara,
tare da katin zaɓe da shaidar haihuwar Sallau,
can saman kabad inda ruwa bai kai ba tukuna.
Shi har yanzu in ya ji jiniya sai ya ajiye cokali.

Shinkafar mun dafa ta ran Juma'a.
Kuɗinmu ne dama.